Ɓaunar Kawu Stoffel

Tsakanin Tertius da Kawu Stoffel, wa ya fi wani mugunta? Dukansu maƙwabtana ne a lardin Limpopo, masu kiwon namun daji, amma har yau na kasa yanke hukunci.

Wayar shingen da ke tsakaninsu ta tsinke, ɓaunar tsohon ta faɗa gonar Tertius. Kawu Stoffel ya je da hularsa a hannu.

"Ɗana, buɗe min ƙofa in kora abata gida."

Tertius ya ƙyalƙyale da dariya. "Kawu, izinin shingenka ya ƙare tun bara. A doka, naman daji na wanda ya killace shi ne. Sha gahawa ka kama hanya."

Ya haɗa ta da garkensa, yana ta nuna wa baƙi.

Da lokacin gwajin lafiyar dabbobi ya zo, likitar gwamnati, Dakta Ramaila, ta ce ɓaunar na da tarin fuka. Za a rufe gonar, a harbe garken gaba ɗaya.

"Ba tawa ba ce!" in ji Tertius. "Ta tsohon can ce!"

Tsohon yana jingine da shingen da ya riga ya gyara. Ya rage murya. "Doka ta ce taka ce, ɗana. Yo kai ba ka ji tarinta ba? Ni da ya ishe ni, filaya na ɗauko na datse wayar."

Ma'aikatan gwamnati suna ɗura harsashi a bindigogi, Tertius ya cire hula, ya wangale ƙofar da hannunsa, yana roƙon tsohon ya zo ya kora abarsa.