Dunƙulen Cajar Haladu

Kwana na huɗu ke nan keken Haladu na mutuwa a tsakiyar gada, da kwandon kifi a baya, rana tana dukan ƙeya. Kafin ya tura shi zuwa kasuwar Dembé, kifin ya fara wari. In aka ƙara mako a haka, masu saye za su koma wajen wani, gidansa kuma babu abin ɗorawa a murhu.

Keken mai batiri ne, wani ɗan kasuwa ya shigo da shi. A unguwarsu ta Walia wuta ba ta wuce awa uku da rana, kuma da can awa ukun nan na cika batirin. Yanzu ko rabi ba ya kaiwa.

Da kansa ya buɗe cajar. A ciki akwai ɗan ƙaramin dunƙule mai ƙayyade ƙarfin wutar da ke shiga batiri. An murɗa shi ƙasa. Ya mayar da shi sama. Washegari ya tarar da shi a ƙasa.

Kai! Ran Haladu ya ɓaci. Wannan aikin mutum ne, kuma ya san mutumin: Lukumanu maƙwabcinsa, mai baƙin ciki tun ranar da keken ya shigo layin. Wa kuma zai zama? Matarsa Safiyatu tana wuni a gona. Soket ɗin jona caja ɗaya ne a gidan, a ɗakin Baba Ilyasu, mahaifinsa, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar shekara biyu, ta ɗauke masa ƙafa da magana. Hannu ɗaya kawai yake motsawa, wanda tsohon tabon ƙuna ya cika.

Ran Juma'a Haladu ya murɗa dunƙulen har ƙarshe, ya tsiyaya masa gam, ya jona. Batirin ya ɗan kumbura ta gefe, yana huci. Baba ya yi ta gurnani yana dukan tabarma.

"Yi haƙuri, Baba, yau ɓarawon ba zai dame ka ba," in ji Haladu. Ya ja ƙofa, ya danna kwaɗo, ya tafi masallaci.

Bayan an idar da salla, ya haɗu da Muntaka mai gyaran rediyo, ya ba shi labari yana dariya. Muntaka bai yi dariya ba.

"Batirin ya kumbura ka ce? Malam Haladu, wanda yake rage wutar nan ceton ku yake yi. Ka sakar wa kumburarren batiri wuta duka, fashewa zai yi. Wannan hannun gwani ne, ba na Lukumanu ba."

Haladu ya taɓa makullin ɗakin Baba a aljihunsa. Ya zuba a guje, ko takalmi bai ɗauka ba. Tun daga bakin layi ya hangi hayaƙi, sai a lokacin ya tuna da ɗan sukudireban da ya gani jiya ƙarƙashin matashin kan Baba, mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran batirin manyan motoci.