Ramukan Bakin Iyaka

Kafin ka yanke wa maƙwabcinka hukunci, zauna ka ji wannan.

An yi wani manomi da gonarsa ta yi iyaka da ta wani mutum da suka daɗe ba sa ga-maciji. A bakin iyakar, inda ƙasa ke riƙe laima, akwai wani tsiron daji mai fure shuɗi-shuɗi da saiwa dunƙulalliya, wanda ake kira gatarin kurege. Da damina ta kankama sai manomin ya fara tarar da ƙananan ramuka a wurin. Wata rana ya laɓe bayan kuka, ya ga maƙwabcin nan ya tsuguna yana tono, yana waige-waige, ya cusa wani abu a aljihu ya wuce. Nan zuciyarsa ta soma saƙa. Ko sammu ake binne masa? Ko iyaka ake ci a hankali? Ganyen gero ya yi ja, ya ce aikin mutumin ne. Akuya ta yi ɓari, ya ce ai ga shi nan. Bai tambayi kowa ba. Ya ɗauki fartanya ya tumɓuke tsiron kakaf, ya farfasa saiwoyin, ya tara ya cinna musu wuta, ya koma gida yana jin ya karya asiri.

A gidan kuwa akwai tsohonsa, mai gyambo a ƙafa, wanda a 'yan kwanakin nan ya fara kamewa har tsoho yana takawa masallaci. Ba a jima ba ciwon ya sake buɗewa, ya koma zubar da ruwa. Manomin yana wanke masa ƙafar, yana cewa wannan ma hannun maƙiyi ne, sai tsohon ya dube shi ya ce, "Wane maƙiyi? Ai maƙwabcin naka ne yake tono mini saiwar gatarin kurege, yana dakawa yana ɗaura mini. Ni na ce ya ɓoye maka, don na san halinka."

Manomin ya bazama fadama-fadama yana neman furen, bai samu ko ɗaya ba. Da ƙyar ya iya taka ƙofar maƙwabcin ya yi sallama. Mutumin ya saurare shi har ya gama, ya ce duk yankin a bakin iyakar nan kaɗai tsiron yake fitowa. Tsoho bai sake taka masallaci ba a wannan shekara.

Shi ya sa Hausawa suka ce, zato zunubi ne, ko da ya zama gaskiya.