Shafi na Tamanin da Bakwai

"'Yata, haɗa min su wuri guda. PDF kuke cewa ko? Idona ba ya ganin na waya."

Tsohuwar tana cikin matan da ke haƙa gonakin jihar Jalisco ta ƙasar Meksiko don neman 'ya'yansu da suka ɓace. Hotuna ɗari biyu ta kawo, na kayan da aka tono a wani ramin gawawwaki.

Mai shagon ta jera su, kowane hoto da shafinsa, ta danna. Inji ya shiga aman takardu.

"Ke ba ki da kowa a ciki, gode wa Allah," in ji tsohuwar.

"Ƙanena yana Amurka, Mama. Ɗan banza ko kira ba ya yi, sai saƙo duk Lahadi."

Shafi na tamanin da bakwai ya faɗo. Shuɗiyar riga ce, an ɗinke aljihunta da jan zare. Mai shagon ce ta ɗinke shi ranar tafiyar ƙanenta, wata takwas ke nan, don shuɗin zarenta ya ƙare.

Yau Lahadi. Wayarta ta yi ƙara, saƙo ya shigo daga lambar ƙanen.

"Lafiyata ƙalau, Yaya. Ke kaɗai ce a shago?"