Mai Kira Daga Samaru

Duk ranar Asabar, ko ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, sai Baba Othniel ya goge takalminsa, ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya rungumi rediyo ya nufi bakin kasuwar Samaru. A can wata mata mai suna Ebele ta kafa laima da teburin buga waya. Shi bai sayi wayar hannu ba. Tun da matarsa ta rasu gidan ya koma daga shi sai kaji, kuma ba shi da inda yake kira in ban da gidan rediyo.

Shirin da yake bi na tsofaffin waƙoƙi ne da ake yi da la'asar: kalangu, garaya, goge, da kiɗan otal-otal ɗin Sabon Gari na zamanin fam da sule. Mai gabatarwa, Anti Diana, takan sa waƙa sannan ta buɗe layi. Ƙa'idar gidan ce duk wanda ya kira a yi masa cikakkiyar gaisuwa kafin a ji ra'ayinsa. Diana kuwa gwana ce, tari kawai mutum zai yi ta faɗi sunansa da unguwarsu. Othniel ne kaɗai kullum sai ta tambaya.

"Wa ke magana?"

"Othniel ne, daga Samaru."

"Sannu, Baba. Yaya gida? Yaya ƙarfin jiki?"

Yakan ja amsar nan iya jansa, har da labarin ciwon gwiwa. Ra'ayin nasa dai bai taka kara ya karya ba: waƙa ta yi daɗi, a ƙaro. Ebele ta lura da zarar kiɗa ya shigo yakan rage murya har ƙasa, sai ta ɗauka tattalin batir ne irin na 'yan fansho. Waɗanda suka san shi tun yana dattijon ikilisiya, lokacin da yake kiran irin wannan kiɗa tarkon Shaiɗan, sukan gan shi a ƙarƙashin laimar, su gaishe shi su wuce.

Ana nan sai aka kawo sabon manaja gidan rediyon. Ya sa aka yi sanarwa cewa zamani ya canza, ɗalibai waƙoƙin fim da na Turanci suke so, don haka za a soke shirin tsofaffi, sai fa in masu sauraro sun nuna suna bukatarsa. Aka ware mako guda don jin ra'ayi.

Hankalin Othniel ya tashi, tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko a ranar da aka sallame shi daga aiki. Washegari ya hau bas zuwa Sabon Gari, da gwiwar tasa da komai. Ya fara da shagon Oladipo mai gyaran rediyo, wanda bai san komai game da shi ba sai cewa ɗan coci ne mai yawan kawo gyaran eriya.

"Baba Coci, yaushe ka koma ɗan rawa?" in ji Oladipo. "Ko dai muryar yarinyar ce ta tafi da kai?"

Othniel bai yi dariya ba. Oladipo ya ga abin da gaske ne, ya rufe shago ya shiga gaba. Suka bi tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa, da teloli, da mata masu busasshen kifi, Yarabawa da Ibo da Hausawa, layi-layi. Ko'ina Othniel magana ɗaya yake nanatawa: kowa ya kira ya ce waƙoƙin nan muke so, kada a raba mu da su.

Tsofaffi kuwa suka yi masa kara. Layin wayar gidan rediyo ya cika maƙil. Wannan ya ce da kiɗan nan ya yi neman aure, waccan ta ce shi ke tuna mata da uwarta. Da yake baki ya buɗe, kusan kowa sai ya ɗora nasa ƙorafin, wai ana katse musu waƙa ana gaishe-gaishe, mutum ya kira yana ba duniya labarin ciwon ƙafarsa. A ba su kiɗa kawai, a rage surutu. Othniel yana jin su, amma murnar yawan masu kiran ta hana shi auna abin da suke faɗa.

Asabar ta zagayo. Oladipo ya zo har Samaru, suka zauna a ƙarƙashin laimar Ebele. Da lokaci ya yi, muryar namiji ce ta fito. Ya ce hukumar gidan ta ji kukan iyaye, shiri yana nan daram, har an ƙara masa lokaci. Kuma kamar yadda aka nema, daga yau kiɗa ne zalla, ba mai gabatarwa, ba kiran waya. Anti Diana an mayar da ita aikin ofis.

Ebele ta tafa. Oladipo ya miƙe da tsufansa yana taka rawa, yana cewa yau Baba ya kayar da manaja. Othniel ya roƙi Ebele ta buga masa lambar duk da haka. Ta buga, ya kara a kunne, tana ta ringi har ta katse. Ya ce ta sake, ta sake.

Sai ya kashe rediyon ana tsakiyar goge, ya rungume shi, ya kama hanyar gida a hankali, Oladipo yana kiransa bai waiwaya ba. Har gobe ba ya ƙaunar kiɗan nan. A kansa ne ya kori 'yarsa Diana daga gida ranar da ta karɓi aikin rediyo, kuma tun daga ranar ba ta ƙara tambayarsa yaya jiki ba sai a layin Asabar, inda ƙa'ida ta tilasta mata.