Famfo Mai Kiran Suna

Tun da aka kawo sabbin famfuna, idan bututun gida ɗaya yana yoyo, sai ruwan layin gaba ɗaya ya ɗauke. In ka murɗa famfo, maimakon ruwa sai ya faɗi sunan mai laifin.

Da hantsi Iya Gambo ta daki ƙofar maƙwabcinta Tanimu da buta.

"Tanimu, ina gyaran da kullum kake cewa sai gobe?"

"Haba Iya, ɗan ɗigo ne fa a bayan banɗaki."

"Ɗan ɗigon uwaka! Malam ya cika tun asuba. Masu wanka sun murɗa famfo, sunanka kawai yake kira a kan gawar mijina."

Ta cusa masa busasshiyar butar a ƙirji.

"Ungo. Je ka wanke shi da ɗigon."