Ƙosai a Cikin Littafina

Tsohuwa mai ƙosai a kasuwar Boɗinga ta miƙo mini ƙunshi. Ni kuwa ko takardar tsintuwa ba ta wuce ni ban karanta ba. Ina warwarewa sai ga labarin jakin mai albasa, littafin yara da na rubuta aka buga a Zariya, ya jiƙe sharkaf da mai.

Raina ya ɓaci. "Inna, wannan fa littafina ne!"

Ta saki matsamin kwashe ƙosai, ta cafke hannun rigata. "Alhamdu lillahi! Zamna nan, Malam. Ɗiyan makarantar firamare na karanta min kowane shafi kafin in ƙunsa ƙosai da shi. Na ƙarshen ne na yi kuskure na hura wuta da shi. Don Allah, jakin nan ya komo gida?"