Tsohon Fad da Yatsun Direba

Malam Sabitu, tunda aka ba ka shugabancin makarantar nan na ga kana ta rawar ƙafa, za ka sake wa malamai tsari ba ka tambayi kowa ba. Zauna ka ji wani misali.

Wani direban tirela ne ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Allah ya tashi kafaɗunsa, amma yatsun hannunsa na dama suka yi nauyi. Likita ya ce in yana son ya sake riƙe sitiyari, to kullum sai ya motsa su. Ƙanensa mai gyaran kwamfuta ne. Ya tuna lokacin samartaka ba mai cin yayan nan nasa a wasan ƙwallo na kwamfuta a gidan gem, sai ya tono masa tsohon fad ɗinsa a ƙasan akwati, abin nan mai maɓallai da doguwar waya da ake riƙewa a yi wasa, duk ya koɗe. Kwamfutar yanzu ba ta san shi ba, don haka ya sa mata wata manhaja mai aikin tafinta: fad ya yi magana da tsohon yare, ita ta juya wa wasan da sabo. To amma sai an gaya wa manhajar aikin kowane maɓalli. Gogan naka, da yake gwani ne, ya tsara su yadda shi yake wasa, ya miƙa wa yayansa yana washe baki.

Direba ya danna inda babban yatsansa ya saba buga ƙwallo raga, sai ɗan wasa ya mayar da ita baya. Ya danna na ƙwace ƙwallo, ɗan wasa ya tsaya ƙiƙam. Ya sake, ya sake. Daga nan ya ajiye fad a tabarma, ya ce, "Yatsun nan sun mutu." Wallahi abin tausayi! Mutum ya daina motsa hannu, ya daina zancen mota, abinci ma sai an yi da gaske. Ƙanen kuwa yana ta yi masa wa'azin haƙuri, bai san shi ya haƙa ramin ba.

Wata rana ƙanen na wasa shi kaɗai, yayan na zaune yana kallo. Da ɗan wasa ya iso bakin raga, sai ƙanen ya hangi babban yatsan yayansa yana danna gwiwarsa kamar fad ya riƙe, daidai lokacin da ya dace, amma ta ɓangaren da shi bai sa bugu ba. Nan take ƙanen ya gane tsarinsa ne matsalar, ba yatsun ba. Ya goge tsarin gaba ɗaya, ya durƙusa ya ɗora masa fad a hannu, ya ce, "Yaya, da wanne kake bugawa?" Yana nunawa, ƙanen na gaya wa manhaja. Ƙwallon farko da ta shiga raga, direban ya daɗe yana kallon yatsunsa, hawaye na zuba. Ya ce, "Ashe suna nan."

Ka ga ƙaunar ƙanen ba ta da aibu, iliminsa ma haka, amma saura ƙiris ya kashe hannun da ya zo ceta don ya ƙi yin tambaya ɗaya. Malaman nan sun riga ka shiga azuzuwan nan, Malam Sabitu. Je ka zauna da su tukuna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.